Filin da Baba ya bari a bayan gida

Ni ɗan Jos ne, a nan aka binne cibiyata, a wata unguwa da ke gangaren rafi tsakanin Gangare da Rikkos. Shekara goma na yi a Legas, bakwai daga ciki ina tuƙa tifa. Maganar da zan yi na daɗe ina dakonta a ciki. Matata ce ta matsa mini in fitar da ita, ta ce ko mutum ɗaya ya karanta ya sake shawara kafin ya kira birkila, ya isa.

Gidanmu na gado ɗaki biyar ne da zaure. A bayansa akwai fili da ya gangara har bakin rafi, tsawonsa kamar taku talatin. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗora ko bulo ɗaya a wurin ba. Gwaiba biyu ce, da ayaba, da wani ƙaton mangwaro, sai kyauro a can ƙasa inda ƙafa ke nutsewa. Da rani Inna takan shuka alayyafo da latas, tana ban ruwa da bokiti. Da damina kuwa, in an tafka ruwa a kan duwatsu, rafin yakan hau har gindin mangwaron, ya yi awa biyu ko uku, ya janye, ya bar mana laka da robobi da warin takalman mutane. Da maƙwabta suka fara tura ɗakunansu baya, mun tambaye shi me ya hana shi. Ya ce, "Wurin nan ba nawa ba ne, na ruwa ne. Aro yake ba ni da rani." Na ɗauke ta a irin maganar da tsofaffi ke yi don a ƙyale su.

Baba yana da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Terminus. Rikicin Satumban 2001 ya taɓa mu, amma abin da ya durƙusar da gidanmu gobarar kasuwar ce a Fabrairun 2002. Cikin dare ɗaya jarin shekara talatin ya zama toka. Baba bai sake miƙewa ba. Ni ne babba a maza, ina da shekara 22, don haka kafin ƙarshen shekarar na hau saman motar tumatir daga Farin Gada sai kasuwar Mile 12 ta Legas. Na yi dako, na yi yaron mota a ƙarƙashin wani direba mutumin Bauchi, har a 2005 aka ba ni tifa a hannuna.

Wanda bai san Lekki ba, ya ɗauka wani dogon harshen ƙasa ne: teku a kudu, tafkin Legas a arewa, tsakiya kuma yawanci fadama ce da kurmin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a cikin ruwa kamar ƙafafun gizo. Ba a gini a irin wannan wuri sai an cike shi. A sare itatuwa, a yi ta zuba yashi har ya ɗara ruwa, a bar shi ya zauna, sannan a soke ginshiƙai ko a zuba shimfiɗaɗɗen kankare. Na ga fuloti ɗaya ya shanye tifa hamsin yana neman ƙari. Yashin kuwa daga ƙarƙashin tafkin ake zuƙo shi da injin, a tara shi tsibi-tsibi a bakin ruwa wajen Ajah da Badore. Akwai kuma masu nutso da bokiti, su sauka ƙasan ruwa su ciko, su zuba a kwale-kwale har ya kusa nutsewa. Sai na ukun, wanda ba a faɗa da rana: kwasar yashi daga bakin teku da dare. Shi ne mai araha, shi ne kuma mai riba ga direba.

Ina son aikin, ba zan ɓoye ba. In na danna bodi ya ɗaga, yashi ya zube cikin fadama da wata irin ƙara mai nauyi, kaguwa su watse, in ji a raina na yi ƙasa inda babu ƙasa. Bayan shekara in biyo ta wurin in ga bene da fitilu da maigadi a ƙofa. Wata rana ina juye lodi na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba. Ruwan da yashina ya kora bai ɓace ba. Ya kwarara ta ƙarƙashin wata katangar langa-langa ya shiga tsakar gidan wata mata, tana tsaye da tsintsiya tana kallon yadda yake hawa ƙafar murhunta. Ba ta ce mini komai ba. Na sauke bodi na tafi ɗauko sawu na gaba.

A garejinmu akwai wani dattijo mai gyaran taya, ɗan arewa ne amma a Maroko, wata unguwar talakawa a Legas, ya yi rabin rayuwarsa. Shi ya ba ni labarin yadda aka rushe unguwar a Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka tarwatsa mutane kusan 300,000. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa yana cinsa, bai dace mutum ya zauna ba. Bayan an kwashe mutanen sai aka cike shi da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. In ya zo nan a labarin sai ya yi shiru ya ci gaba da buga tayarsa. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da maganar kare muhalli sai in fara duba wa za a kora, wa kuma zai gaji wurin. Har yau ban daina wannan duban ba.

Ɗakin da na kama haya yana wani ƙauyen masunta ne a bakin teku, in ka sauka daga hanyar Lekki zuwa Epe. Jerin bishiyoyin kwakwa, kwale-kwale a kife a kan yashi, mata na bandar kifi, da dare kuma ba abin da kake ji sai raƙuman ruwa. Mai gidan tsohon masunci ne, yana jin Hausa daidai gwargwado domin ya yi su a Kainji da ƙuruciyarsa. Wata safiya ya ɗaga filafilinsa ya nuna mini can cikin teku, inda ruwa ke farfashewa, ya ce nan gidan ubansa yake, ga rijiya, ga kabarin kakarsa. Na duba, ba komai sai kumfa.

Wani injiniya da muke kai wa yashi ne ya zana mini dalilin a ƙasa da tsinke. Teku a wannan gaɓar tana jan yashi daga yamma zuwa gabas, daga wajen Kwatano ta Badagry. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanyar jirgi. Sai yashin ya riƙa taruwa a yammacin katangar, gabashinta kuma teku na kwasa ba mai mayarwa. Shi ya sa Bar Beach ta yi ta zaizayewa har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island, wanda na gani da idona. Daga baya aka fara aikin Eko Atlantic, aka cike bakin tekun, aka fara wata katangar dutse da aka tsara tsawonta ya wuce kilomita 8, titin ya huta. Amma irin wannan katanga sai mai ƙarfi. Ƙauyenmu katangarsa ita ce tudun yashi da kwakwar da ke kai.

Ƙauyen ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Gidajen da suka gaji ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, suna yanka filaye suna sayarwa, samari kuma suna karɓar kuɗi a kan kowace tifa da ta shigo. Da wannan kuɗin aka sa yara makaranta, aka jawo wuta, aka yi wa masallaci da coci rufin kwano. Kifi ya ragu, wa zai ce wa mutum ya zauna da yunwa a kan fili mai daraja? Ɗaya ɓangaren, tsofaffi da mata masu banda, suna ganin teku na matsowa kowace shekara. Aka yi ta zama a gaban baale, wato dagacin ƙauyen, har aka tsayar da magana: a ci gaba da sayar da fili ta ɓangaren titi, amma ba mai kwasar yashin bakin teku, ba mai sare layin kwakwa na gaba, ba mai gini a gabansa, kuma a bar hanyar da ruwan sama ke bi ya faɗa tafki. Ina zaune a gefe na ji an yanke, na kuma ga hikimar abin.

Duk da haka, bayan sati uku ina cikin direbobin da suka shiga da ƙarfe biyu na dare. Sawu ɗaya na wannan yashin ya fi mini sawu uku na rana. Mun cika, na juyo ba fitila, sai na ga wasu 'yan haske a kan hanya. Mata ne, sun kai ashirin, zaune a ƙasa da aci-balbal a gabansu, sun tare hanyar. Matar mai gidana na cikinsu, wadda ke aiko mini da kifi in na yi zazzaɓi. Ba ihu, ba zagi. Tsohon ya zo ya dafa ƙofar mota, ya ɗaga kai ya gane ni. Ya ce, "Ɗana, kai ne? Yashin nan da ka ɗauko, shi ne bangon ɗakin da kake kwana." Na yi ribas har bakin ruwa na juye shi inda na ɗebo. Oga ya zaftare mini kuɗin sati biyu. Ban sake taɓa yashin bakin teku ba, na kuma riƙa ganin kaina a mutumin da ya gyara halinsa, alhali kullum ina cike fadama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a daidai wannan lokacin ne na aika kuɗi gida a gina filin Baba.

Baba ya rasu a 2007. Bayan rikicin Nuwamban 2008 garin Jos ya ƙara rabewa, kowa ya koma inda nasa suke da yawa. Mutanen da suka bar gidajensu a wasu unguwanni suka kwararo namu, ɗaki ya yi wuya, haya ta tashi. Wanda bai zauna a Jos ba zai yi ta mamakin abin da ke sa mutum ya yi gini a bakin rafi. Ba wauta ba ce. Gari yana da faɗi, amma inda mutum zai kwanta da ido biyu a rufe ya ƙuntata, sai aka bi kowane lungu da kowane gangare aka gine. Ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, kowa ya gina nasa, mu kaɗai muka bar fili kuka na tsirowa. Ɗaki biyu kawai, kuɗin hayan ya riƙe Inna." Na ce a ba Inna waya. Abin da ta ce kawai shi ne, "Babanku dai bai gina ba." Na ce, "Inna, lokacin Baba daban, yanzu daban." Ta ce Allah ya sa albarka, ba ta ƙara ba. A raina ina cewa Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, me ya haɗa mu da matsalar mutanen Legas?

A 2009 aka sare gwaiba da ayaba, aka cike gangaren da ɓaraguzai da yashin tsofaffin ramukan kuza, aka ja katangar bulo a bakin ruwa, aka yi ɗaki biyu da banɗaki. Mangwaron kaɗai aka bari saboda inuwa. Na ƙetaren rafi su ma suka turo nasu. Rafin da muke iyo a ciki muna yara ya koma kamar lambatu, ga shara da leda kowa na zubawa.

Bayan rikicin Janairun 2010 wani yaro tela ya kama ɗaki ɗaya, shi da amaryarsa. Yaro mai ladabi, duk Juma'a sai ya kira ni ya gaishe ni. A farkon 2012 aka yi musu haihuwa, mace. Na aika da turmin atamfa.

Daren Lahadi 22 ga Yulin 2012, farkon azumi, ina Legas. Wayata ta yi ƙara kafin sahur. Muryar ƙanena ce, amma da ƙyar na gane ta. Yana ta maimaita, "Yaya, ruwa. Yaya, ɗakunan baya." Ban tsaya neman izinin oga ba, na kama hanya.

An yi ruwa na sa'o'i, labarai suka ce madatsar Lamingo ta cika ta tumbatsa, ruwan ya gangaro cikin dare ya bi ta unguwanninmu. Aƙalla mutum 35 suka rasu, gidaje kusan 200 suka rushe ko suka nutse. Wannan shi ne abin da duniya ta ji. Abin da na gani da na isa shi ne mangwaron Baba a tsaye, kwanon rufi ya naɗe a jikinsa kamar tabarma, zanin wata mata yana rataye a reshen da hannuna ba ya kaiwa. Tsofaffin ɗakuna biyar ruwa ya shiga har gwiwa, amma suna nan. Ɗakuna biyun da na gina babu su, har harsashin ginin ya tafi. Wurin ya koma gangare kamar yadda yake a da.

Telan ya fasa taga ya fitar da matarsa, tana rungume da jaririyar. Suna cikin laluben katanga ruwa ya buge ta ta faɗi. Ya kamo ta, amma hannunta ba komai. Bayan kwana biyu aka samu yarinyar can ƙasa cikin lambunan mutane. Watanta biyar.

Na je ta'aziyya gidan yayansa. Na durƙusa a gabansa bakina ya kasa furta komai. Shi ne ya riƙa ba ni haƙuri. Ya ce, "Maigida, kada ka sa wa ranka komai, kwananta ne ya ƙare." Da zan tashi ya biyo ni zaure, ya rage murya ya ce, "Sauran kuɗin hayan nan, don Allah ka ɗaga mini ƙafa zuwa bayan Sallah, keken ma ruwa ya tafi da shi." Na fita na zauna a bayan wani kango na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Baba.

Bayan kwana biyu na tsaya bayan sallar asuba har kowa ya watse, na matsa kusa da liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, ran yarinyar nan yana wuyana?" Na faɗa masa komai, har maganar Baba da ta Inna, har daren da mata suka tare ni a Legas. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan, amma ana tambayar bawa a kan sababi, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana cuta da cutarwa. Ya karanto mini ayar Suratur Rum da ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Da ya ce tudu da teku sai tsigar jikina ta tashi, domin a duka biyun hannuna ya taɓa. Bai ce ni na kashe ta ba, bai kuma ce ba ruwana ba. Ya ce in yawaita istigfari, in koma wurin yaron in faɗa masa gaskiya yadda na faɗa masa, in nemi yafiyarsa. Na koma. Na gaya wa telan cewa an gargaɗe ni kafin in gina. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ya yafe. Na mayar masa da duk hayan da ya taɓa biya, na saya masa keken ɗinki, sai da yayansa ya sa baki kafin ya karɓa. Matarsa ba ta fito ba, ban kuma ga laifinta ba.

Na koma Legas kafin Sallah. Dab da Sallar teku ta yi tashin da ta share rumfunan bakin tekun Kuramo a Legas cikin dare ta tafi da mutane fiye da goma. A ƙauyenmu ta ci wasu bishiyoyin layin gaba, amma ba ta shiga ɗakin kowa ba. Na ci gaba da aiki wata biyar, sai dai duk lokacin da na ɗaga bodi a kan fadama ina duba gefe in ga gidan wa ruwan zai shiga. Direban da ke irin wannan duban ba zai daɗe a aikin ba. A farkon 2013 na miƙa makulli na dawo gida.

Kada a ɗauka na tsani gini. Har gobe da shi nake ci, ina kai wa mutane bulo da tsakuwa da siminti a wata tsohuwar mota. Mutum sai da ɗaki. Wanda ke kwana da 'ya'ya shida a ciki ɗaya ya fi kowa sanin haka, kuma ƙanena yana cikinsu.

A 2015 aka zauna rabon gado. Filin baya yana cikin abin da za a raba, kuma ƙanena ya ce a ba shi, zai sake ginawa, wannan karon da rodi da kankare. Na ce ba za a gina ba. Ya ce, "Yaya, kai ka je Legas ka samo naka. Ni ina zan sa yarana? Kan mangwaro?" Ban da amsar da zan ba shi, domin haƙƙinsa yake nema, ba na kowa ba. 'Yan'uwanmu mata suka rabu, wasu na bayansa wasu na bayana. Wata uku ba ya amsa sallamata da kyau. Kawunmu ne ya kawo mafita, kuma a kaina ta faɗo: in karɓi filin baya a matsayin kasona, in bar masa ɗakunan da suka faɗo mini a cikin gida. Na amince. Na kwashe iyalina muka kama haya a nan kusa, tafiyar minti biyar. Daga baya muka haɗa kuɗi muka rushe zaure da ɗakin gaba, aka zuba ginshiƙai aka ɗora ɗaki biyu a sama. Ya ci kuɗi ninki biyu na abin da ginin baya zai ci, shekara uku muna yi. Ni da na gaji gida, yau shekara goma ina biyan haya, kasona kuwa fili ne da ba zan gina ba, ba zan sayar ba.

A unguwa ma mun gwada irin abin da na gani a ƙauyen masunta. Muka samu mai unguwa, aka tara masu gidajen bakin rafi a ƙofar masallaci. Na tashi na ce, "Ranka ya daɗe, ba na zo in ce a rushe gidan kowa ba." Da na faɗi haka ne mutane suka saurare ni, domin abin da kowa ke tsoro ke nan tun da hukuma ta zo ta shafa jan fenti a wasu bangaye ba tare da an nuna wa mutane inda za su koma ba. Muka yarda a daina zuba shara a rafi, a riƙa fitowa yashe shi kafin damina, kuma wanda ruwa ya cinye masa ɗakin baya ya yi haƙuri ya bar wurin. Biyun farko sun ɗan kama. Na ukun kuwa, a gidaje goma sha ɗaya na layinmu huɗu ne suka bari, bakwai sun sake ginawa. Na san su duka, na san abin da ke tukunyar kowa, shi ya sa ban iya zaginsu. Amma in hadari ya haɗu ta gabas, ɗakunansu nake fara tunawa.

Ni ma na kusa faɗawa. Bayan cire tallafin mai a 2023 aiki ya tsaya cak, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga Inna a kwance. Wani dillali ya kawo mai son filin zai yi wurin wankin mota da shaguna uku, kuɗin da ya ambata zai saya mini ƙaramin gida a bayan gari. Na ce ya ba ni kwana uku. A dare na biyu matata ta ajiye mini ɗan kunnenta da sarƙar aurenta a kan tabarma. Ta ce, "Baban su, ka kai wannan kasuwa. In ka sayar da wurin can, barci ma ba za ka ƙara yi ba, mu ma ba za mu yi ba." Na kai su. Har yau ban iya mayar mata ba.

Labarin Legas yana iso ni jefi-jefi. Na ji yadda aka tashi masuntan Otodo Gbame a 2016 da 2017, mutane kusan 30,000, na tuna dattijon Maroko. A Yulin 2017 na ga hotunan Lekki a Facebook, motoci sun nutse har gilashi a titunan da na san fadamarsu tun kafin a cike. Yanzu kuma ga babbar hanyar bakin teku ta Legas zuwa Kalaba, mai kilomita 700, da aka fara a 2024. Tsohon mai gidana ya rasu. Ɗansa yakan kira ni da Sallah. Ya ce dokar da suka kafa ta riƙe su shekaru, ta sa sun samu lokacin matsar da gidaje baya a hankali ba tare da an rasa rai ba, amma ɗakin da na kwana a ciki teku ta riga ta kai gare shi.

A filin Baba na sake dasa gwaiba da ayaba. Na sa gora a bakin ruwa, na jera jema layi uku domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Matar ƙanena ce ke shuka alayyafo a wurin yanzu. Telan ya koma wata unguwa, Allah ya ba su 'ya'ya uku, in mun haɗu a Masallacin Juma'a muna gaisawa, ba mu taɓa sake tayar da maganar ba.

Da bazarar bana ƙanena ya same ni a gindin mangwaro. Babban ɗansa zai yi aure. Ya ce, "Yaya, ba can ƙasa nake nufi ba. Ɗaki ɗaya tak, a nan sama jikin bango, inda ruwa bai cika kaiwa ba. In ka yarda." Ya faɗa cikin ladabi, kuma na san ba shi da wani wurin. Na ce mu bari damina ta nuna mana. Muka auna faɗin ɗakin da igiya daga bango, muka kafa turke a inda zai ƙare.

Cikin watan Agusta aka yi wani ruwa tun magariba har tsakar dare. Na ɗauki tocila na fito, na same shi ya riga ni, yana tsaye a ƙofar baya da buhu a ka. Muka haska. Ruwan ya wuce mangwaro, ya shafe turken, ya ƙara kamar kamu biyu ta wajen bango. Muka tsaya muna kallo har wajen ƙarfe biyu da ya fara janyewa. Ya ce, "Sai da safe, Yaya." Na ce Allah ya tashe mu lafiya.

Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma ce ya fasa ba. Turken yana nan da laka a jikinsa. An sa bikin bayan Sallah, kuma sati uku ke nan ni da shi muna zagaya Rikkos da Unguwar Rogo muna neman wa yaron ciki da falo. Wanda muka gani jiya kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, dillalin ya ce mu dawo ranar Asabar akwai wani.